Ramar da Ba Taifot Ba, Ba Sammu Ba

Daga unguwar Yalwawa a nan Dutse nake miƙa gaisuwa ga mutanen Garu da Limawa da Takur, da duk wanda wannan murya ta iske a Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu. Sharhinmu na yau a kan lafiya yake. Cutar da zan yi magana a kanta ba ta da yawa a cikin jama'a, shi ya sa ba a cika tunawa da ita ba. Amma duk wanda ta kama, idan ba a gano ta ba, ajalinsa take zama. Idan kuwa an gano ta, ƙwayoyi 'yan kaɗan a kullum sun isa ya ci gaba da nomansa da kasuwarsa har tsufa, da yardar Allah. Likitoci na kiranta cutar Addison.

Ga yadda takan zo. A ce magidanci ne mai ji da ƙarfi, wanda a da yake yini a gona. Sannu a hankali sai ya fara cewa, "Jikina duk ya mutu, ko masallaci na je sai na huta a hanya." Abinci ya daina shiga masa, tashin zuciya ba ya rabuwa da shi, ciki yana murɗawa. Idan ya miƙe daga zaune sai jiri ya kwashe shi, ya ga duhu-duhu. Wando ya yi masa yawa. Uwargida ta lura kullum sai ya nemi ƙarin gishiri a miya, wani lokaci ma ya lasa shi haka nan. 'Yan'uwan da suka kwana biyu ba su gan shi ba su ce, "Kai Malam, wannan baƙi da ka yi fa?" Sai a ce ai zafin rana ne.

Daga nan sai zarya. A je kemis, a ce maleriya ce da taifot. A sha magani, babu sauƙi. A ɗaura masa ƙarin ruwa, ya ji dama-dama kwana biyu, kowa ya yi hamdala, sai ciwon ya dawo. A ce to olsa ce. Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai raɗe-raɗi su fara: jifa ne, sammu ne, ko kuma a riƙa yi masa kallon mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. A sayar da akuya, a sayar da geron da aka ajiye don damina. Ranar da zazzaɓi mai zafi ko amai da gudawa suka same shi, cikin yini guda sai ya fita hayyacinsa.

Domin mu gane abin da ke faruwa a jikin wannan bawan Allah, sai mun leƙa ciki. A saman kowace ƙoda Allah Ya ɗora wata 'yar halitta da ake kira adirinal. Biyu ne, dama da hagu, kowace nauyinta kimanin giram 5. Ba ruwansu da tace fitsari, wannan aikin ƙoda ne. Aikinsu shi ne haɗa wasu sinadarai su zuba cikin jini, kuma biyu daga cikin sinadaran nan rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Na farko sunansa kotizol. Shi ke hana sukarin jini faɗuwa idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, shi ke tallafa wa jijiyoyi kada jini ya sauka, kuma duk sa'ad da jiki ya shiga mawuyacin hali, zazzaɓi ne ko rauni ko naƙuda ko tiyata, shi ake ninkawa don jiki ya jure. Na biyu sunansa aldostiron, shi ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta fitar da sinadarin fotasiyam.

Idan waɗannan halittu biyu suka lalace, gishiri sai ya riƙa zubewa ta fitsari, ruwan jiki ya bi shi, jini ya sauka. Saukar jinin da nake nufi ita ce kishiyar hawan jini, ba ƙarancin jini ba. Nan ne asalin jirin, nan ne asalin kwaɗayin gishirin. Nan ne kuma sirrin ƙarin ruwa: abin da ke cikin ledar nan ruwan gishiri ne, wani lokaci da sukari, wato daidai abin da jiki ke asara. Yana maye gurbin abin da ya zube na ɗan lokaci, amma bai toshe inda yake zuba ba. Saboda haka majinyacin da ke farfaɗowa da kowane ƙarin ruwa, sannan ya sake zubewa bayan kwana biyu, jikinsa yana ba da wani labari da ya kamata a saurara.

Baƙin fatar kuma fa? A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta, fituwitari, wadda ke aika wa adirinal umarni ta hanyar sinadarin da ake kira ACTH. Kamar maigida ne a zaure yake kiran yaro ya kawo ruwa: idan yaron bai amsa ba, sai ya ƙara ɗaga murya, har maƙwabta su ji. Adirinal ta mutu ba ta amsawa, fituwitari tana ta ƙara ACTH, kuma idan ya yi yawa a jini yakan zaburar da ƙwayoyin da ke ba fata launi. Wani abin lura shi ne, alamomin nan ba sa bayyana sosai sai kusan kashi 90 cikin 100 na ɓawon adirinal ya lalace. Cutar ta daɗe tana cin mutum kafin ya fara kuka da ita.

To me ke lalata adirinal? A shekarar 1855 wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison, ya rubuta bayanin majinyata 11 da suka mutu da waɗannan alamomi. A cikinsu 6 tarin fuka ne ya cinye musu adirinal. Yau a Ingila da sauran ƙasashen Turai, da yake sun ci ƙarfin tarin fuka, 8 ko 9 cikin kowane 10 masu wannan cuta garkuwar jikinsu ce ta juya ta far wa adirinal ɗinsu. A can ana samun masu cutar kimanin 100 zuwa 140 a cikin mutum miliyan ɗaya. Irin wannan na faruwa a nan ma, kuma yakan zo tare da 'yan'uwansa: ciwon sukari irin na masu allurar insulin, ciwon halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, ko fari-farin da ke fitowa a fata.

Amma mu a nan, halinmu ya fi kama da na zamanin Addison. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da shi a kowace shekara a ƙasar nan. Mun saba ɗaukarsa ciwon ƙirji kawai, alhali ƙwayar cutar tana bin jini ta sauka a ƙashin baya, a ciki, a ƙwaƙwalwa, ta sauka a adirinal. A can za ta zauna tana ɓarna a hankali. Mutum yana iya yin tari shekarun baya, ya ga ya warke, sai daga baya ramar nan ta taso. Wani ma ba zai taɓa tuna ya yi wani tari mai tsanani ba. A duk ƙasar da tarin fuka ya yi katutu, yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kawo wannan cuta, kuma mu muna cikin waɗannan ƙasashe.

Akwai wani batu da nake son ma'aikatan da ke raba maganin tarin fuka su riƙe da kyau. Rifamfisin, maganin nan da ke mayar da fitsari ja, yana sa hanta ta riƙa ƙone kotizol da sauri. Wanda adirinal ɗinsa ke lafiya ba zai ji komai ba. Wanda tasa ta riga ta raunana, ɗan abin da ya rage masa sai ya ƙare, a ga ya zube cikin makonnin farko na fara magani: amai, jiri, saukar jini. Iyali sai su ce maganin ne ya fi ƙarfinsa, su ajiye. Kada a ajiye. A mayar da shi wurin da aka ba shi maganin a ranar, a duba adirinal, a ci gaba da yaƙar tarin fuka tare da cike gurbin kotizol.

Sanadi na gaba mun san shi farin sani: sanƙarau. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa. A ɓarkewar 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Idan ƙwayar sanƙarau ta shiga jini, tana iya sa jini ya ɓalle a cikin adirinal duka biyu. Wannan ba ya ɗaukar watanni, awoyi ne. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a ga tabo-tabo masu duhu a fatarsa, hannu da ƙafa sun yi sanyi. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, ba kuma na jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i 5 na sanƙarau, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Duk lokacin da masu rigakafi suka zo, a fito da yara.

Cuta mai karya garkuwar jiki ma, idan ta yi nisa ba a shan magani, tana buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa su kai ga adirinal. Haka nan ciwon daji na huhu ko na mama yakan yaɗu zuwa can.

Sai na jarirai, wanda iyaye mata da ungozoma ya kamata su sani. Akwai jaririn da ake haifa adirinal ɗinsa ba ta iya haɗa sinadaran nan tun daga ciki. A duniya ana samun kimanin 1 cikin haihuwa 15,000. Gado ne da sai ya haɗu daga uwa da uba, su kuwa lafiyarsu ƙalau, don haka ya fi yiwuwa a auren zumunci. Ba laifin kowa ba ne. Jaririn yakan zo lafiya, a yi suna lafiya, sai a mako na biyu ko na uku ya ƙi kama mama, ya riƙa amai, ya yi yaushi, maɗiga ta faɗa. Idan mace ce, wani lokaci al'aurarta kan zo da siffar da ke sa a yi shakkar mace ce ko namiji. Kunya kan sa a ɓoye, alhali wannan alama ce da za ta iya ceton ranta. Idan namiji ne, galibi babu abin da ido zai gani. Duk gidan da aka taɓa rasa jariri ta wannan hanya, a gaya wa likita tun a awon ciki na gaba.

Masu sauraro, yanzu sai babbar tambaya: yaya ake gano ta? Albishirina gare ku shi ne, matakan farko ba sa buƙatar na'ura mai tsada.

Mataki na farko ido ne da kunne. Mu baƙaƙen fata ne, ƙarin duhu ba ya saurin nunawa a fuska. Sai a buɗe tafin hannu a dubi layukansa. A dubi gaɓoɓin yatsu, gwiwar hannu, dasashi, harshe da cikin kumatu. A dubi tabon tsohon rauni, ko na ƙaho, ko zanen fuska, ko sun ƙara duhu. Da yawanmu da baƙin dasashi aka haife mu, wannan ba ciwo ba ne. Abin nema shi ne canji. Matar mutum ko mahaifiyarsa sun fi kowa sanin launinsa na da, kuma tsohon hoton katin zaɓe yana iya zama shaida. Sannan a tambaya: ka taɓa yin tari mai tsawo? Akwai mai tarin fuka a gidanku? Kana kwaɗayin gishiri?

Mataki na biyu, abin awon jini da ke kowane ƙaramin asibiti. A auna mutum yana kwance, a tashe shi tsaye a sake aunawa cikin minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, wannan abin bincike ne.

Mataki na uku, gwajin gishirin jini, wanda ake yi tare da gwajin ƙoda. Idan sodiyam ya yi ƙasa, fotasiyam ya yi sama, sukari kuma ya yi ƙasa, a jikin mutumin da ya rame jininsa ya sauka, to lallai likita ya kawo adirinal a ransa.

Mataki na huɗu shi ne tabbatarwa, a nan ne ake tura majinyaci manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a nan Dutse, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kotizol ya fi yawa a jini da safe, don haka ake ɗibar jinin wajen ƙarfe 8 zuwa 9. Idan a lokacin da ya kamata ya cika aka same shi ƙasa da 140 a ma'aunin nanomol, ACTH kuma ya ninka iyakarsa fiye da sau biyu, magana ta kusa ƙarewa. Idan da shakka, sai a yi gwajin allurar Synacthen: a ba mutum maikrogiram 250 na ACTH na haɗi, a sake ɗibar jini bayan minti 30 ko 60. Lafiyayyar adirinal za ta tura kotizol ya kai wajen 500. Wadda ta lalace ba za ta motsa ba.

Ba a tsayawa nan, sai an nemo sanadi: hoton ƙirji, gwajin majina da na'urar GeneXpert, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, gwajin da ke nuna ko garkuwar jiki ce ta yi ɓarnar, da hoton CT na ciki. A sabon kamun tarin fuka hoton kan nuna adirinal ta kumbura. A tsoho sai a ga ta ƙanƙance ta ƙandare. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin kuma na wata 6 ne ga mafi yawan mutane.

Akwai ƙa'idar da ta fi duk waɗannan: idan majinyaci ya zo a galabaice, ba a jiran sakamako. A ɗebi jini a ajiye, nan take a yi masa allurar haidirokotizon miligiram 100 ga babba, a ɗaura ruwan gishiri. Sakamako zai iya jira, numfashi ba ya jira.

Sai gargaɗi, kuma ina yinsa da babbar murya. Kada wani ya ji wannan sharhi ya nufi kemis ya sayi dezametazon ko firednisolon ya fara sha. Su ma dangin kotizol ne, kuma shansu barkatai, ko a matsayin sha-ka-fashe don ƙiba, ko cikin haɗin maganin ciwon jiki, ko shafa man bilicin mai ɗauke da irinsu, yana sa lafiyayyar adirinal ta daina aiki. Ranar da aka yanke su kwatsam, mutum zai iya zubewa kamar mai cutar Addison. Suna kuma rikita sakamakon gwaji, suna hura wutar tarin fuka da ke ɓoye. Wanda ya daɗe yana amfani da su kada ya daina dare ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali. A gaban likita kuma a faɗi gaskiyar duk abin da ake sha ko ake shafawa. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Wanda aka tabbatar yana da ita, maganinsa na tsawon rai ne: haidirokotizon sau biyu ko uku a rana, da fuludirokotizon don riƙe gishiri. Ranar zazzaɓi ana ninka na farkon bisa koyarwar likita. Ranar amai sai allura. Ya riƙa yawo da kati a aljihu mai bayanin ciwonsa. A zafin bazara ya kula da ruwa da gishiri, kuma kafin azumi ya zauna da likitansa, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame. John Kennedy an gano yana da wannan cuta a 1947, ya kuma zama shugaban Amurka a 1961. Ba ciwon da ke hana aure ko haihuwa ko neman halal ba ne.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa: magungunan nan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A tabbatar allurar haidirokotizon ba ta yankewa a ɗakin gaggawa na kowane babban asibiti a ƙananan hukumominmu 27, a samar da ƙwayoyin a kusa don kada talaka ya riƙa tafiya Kano nemansu, a kuma sa wannan darasi cikin horon ma'aikatan tarin fuka. Ga 'yan'uwana masu kemis: wanda ya dawo muku karo na uku da ciwo iri ɗaya, ku tura shi gaba, wannan shi ne amana. Ga malamanmu masu addu'a: ku yi masa addu'a, ku kuma umarce shi da zuwa asibiti, maganarku tana da nauyi a kunnen jama'a.

Ba kowace rama ce wannan cuta ba; mafi yawan kasala tana da wasu dalilai. Amma idan rama da jiri da saukar jini da kwaɗayin gishiri da sabon duhun fata suka haɗu a jikin mutum ɗaya, musamman wanda ya taɓa yin tarin fuka, ku kai shi asibiti, ku buɗe baki cikin ladabi ku ce, "Likita, ko za a duba masa adirinal?" Haƙƙinku ne ku tambaya, kuma likitan kirki zai ji daɗin tambayar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.